Maganaɗisu Biyu a Cikin Umma

Tun da aka cire tallafin man fetur rayuwa ta yi tsada, Naja'atu ta mayar da wayarta shago. Daga ɗakinta a Gwarzo take tallar kayan mata, kuma babu abin da ya fi tafiya irin 'yan maganaɗisun hijabi, ƙanana kamar ƙwayar wake, masu sheƙi, da ke kama mayafi ba tare da sun huda shi ba. A kwali suke zuwa daga Kano. To wa zai sayi kwali guda a wannan marra? Sai ta riƙa farke shi tana ƙulla su a 'yar leda yadda ake ƙulla gishiri da kanwa, kwalin kuma ta hura wuta da shi.

Ranar nan da hantsi tana tsince shinkafa, muryar Hajiya Uwaliya, shugabar zaurensu na masu sayarwa a intanet, ta shigo wayar. Ta ce kasuwar intanet ɗin da suke tallar kayansu ta kafa doka: ba a ƙara sayar da maganaɗisu a warwatse, sai cikin mazubin da yaro ba zai iya buɗewa ba, da gargaɗi a jikinsa. Naja'atu ta taɓe baki. Sai Hajiyar ta faɗi dalili. Idan yaro ya haɗiye biyu, sukan nemi juna ta cikin hanji, su matse naman da ke tsakaninsu har ya huje, yaron kuwa yana ta wasansa a farko.

Tiren ya zame daga cinyarta.

Jiya da yamma Badi'a, ƙanwar mijinta da ke aure a Garo, ta kira ta tana dariya. Wai 'yarta Umma, mai shekara uku, ta ga yadda uwar ke riƙe maganaɗisun a leɓe in tana ɗaura mayafi, kamar yadda kowace mace ke yi da fil, ita ma ta kwaikwaya, biyu suka wuce cikinta. Surukar Badi'a, Inna Marka, ta ba yarinyar manja da ayaba, ta ce a dai riƙa duba fo, wane yaro ne bai taɓa haɗiye kwabo ba. Naja'atu ma ta yi dariya. Ita ce ma ta ba Badi'a su kyauta.

Ta kira Badi'a, a kashe. Ta kira nata mijin, Zainulabidin, da ke gona a Mainika, ba ta shiga. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa taka ƙofar waje ba sai da izininsa, ba don tsoro ba, don tana son yadda yake cewa a dawo lafiya. Ta tsaya a zaure. Ta bar masa saƙo, ta zura hijabi ta fice.

A tasha motar Garo ta ƙi cika, direba kuma ya ce ba zai ƙona mai a banza ba. Ta biya sauran kujerun. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji kamar a nata cikin abin yake matsewa, bakinta bai daina hasbunallahu ba.

Ta tarar da Umma kwance a tabarma, ta yi amai, ta naɗe ƙafafu a ciki, Inna Marka na shafa mata ciki. A tsaye ta gaishe su, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce a tashi a tafi asibiti yanzu.

"Ke 'yar nan, wayar nan ta cika miki kai," in ji tsohuwar. "Ubanta ma ya haɗiye sulai, ga shi can da gemu."

Naja'atu ta durƙusa, ta cire biyun da ke wuyan mayafinta, ta ce Inna ta yi haƙuri ta ba ta hannu. Ta sa ɗaya a saman fatar da ke tsakanin yatsun tsohuwar, ɗaya a ƙasa. Suka yi ƙas suka kama. Tsohuwar ta fizge hannu, ta yi ta ƙoƙarin ɓamɓare su da farce, suka ƙi.

"Haka suke yi wa hanjinta tun jiya, Inna."

Badi'a ta fashe da kuka. Inna Marka da kanta ta saɓa yarinyar a baya.

A asibitin Gwarzo aka ɗauki hoto. Ga su nan farare, manne da juna. Likita ya ce sai Kano, sai an yi aiki, kada a ba ta ko ruwa. Nan Zainulabidin ya iso a babur, ƙafarsa duk taɓo. Naja'atu ta fara ba shi haƙurin fitar da ta yi, ya ɗaga mata hannu.

"Da kin zauna jirana ne zan yi fushi. Shiga mota."

A Kano suka zauna a barandar ɗakin tiyata, ba mai iya kallon wani. Duk ƙofar da ta motsa sai Naja'atu ta miƙe. Bayan la'asar likita ya fito yana cire safar hannu. Ya ce hanjin ya riga ya huje a wuri ɗaya, sun ɗinke, da an ƙara kwana da labarin ya sha bamban.

Umma ta farka da bututu a hanci. Ta zazzaro ido ta dubi kowa, sannan cikin dasasshiyar murya ta ce a ba ta ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta ce tukuna. Yarinyar ta ɓare baki tana kukan rigima, su kuwa suka tsaya kanta suna saurare, ba wanda ya ce ta yi shiru.