Lambobin Tsohon Direba

"Wannan ma bugun baya ce," in ji dillalin. Ya ajiye lambar a kan tabarma, ya ɗauki wata.

Ina tsaye a bakin ƙofa, dubiya ce ta kawo ni. Maƙwabcina, tsohon direban jirgin ƙasa, yana kwance ya juya fuska bango. Shekara arba'in ya yi yana tara lambobin tunawa: ta buɗe babbar gada, ta ranar da jirgi ya fara shiga gari, ta ƙarshen yaƙi. 'Yarsa ce ta kira dillalin ya saye su, don likita ya ce sai an yi wa tsohon aiki.

"Bugun baya kamar yaya?" ta tambaya.

"Baiwar Allah, sake buga su aka yi daga baya. Dubi 'yar alamar nan a gefe, na asali ba su da ita. Duk akwatin nan ko allura ba zai saya miki ba."

Da ya fita, ta durƙusa a gaban gadon. "Baba, ashe cutarka aka yi ta yi?"

"Ba wanda ya cuce ni a kasuwa," ya ce, bai juyo ba. "Na asali na saya. Ki tambayi Auta."

Auta ƙaninta ne. Shi ke riƙe da makullin akwatin tun da idon tsohon ya mutu.

Tsohon ya ci gaba: "Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa musanya su. Ya zaci tunda ido ya tafi, yatsu ma sun tafi. Tsohuwar lamba santsi gare ta. Waɗannan kuwa kaifi, kamar murfin gwangwani."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Ranar da zai ɗauka, yakan zauna ya yi mini hira har ya gyara mini filo. In na yi magana, me zai sake kawo shi?"

Ba a yi aikin ba. Ranar Talata da hantsi ya cika, ni da 'yarsa kaɗai a ɗakin.

Sai bayan kwana uku Auta ya iso, yana kuka har ana riƙe shi. Ya ce a bar masa akwatin, ya riƙa tunawa da Baba. Yayarsa ta miƙa masa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Da la'asar na hango ta ta kan katanga, ta fito da katifar tsohon ta jingina a rana. Tsakiyar katifar ta lotsa daidai tsawonsa.