Sandar da Ba Ta Son Mai

"Goge kuma," in ji Alidu. "Har yanzu akwai maiƙo."

Iddrisu tela ya sake tsoma tsumma a fetur, ya goge bakin sandar injin karo na huɗu. Shekara goma sha ɗaya rumfarsa na jingine da ta Alidu mai gyaran keke a Zongo, bai taɓa riƙe masa ko sifana ba. Yau ga shi tsugune da rana tsaka, domin hannuwan Alidu sun daina jin magana. Likita ya ba shi ƙwaya, malamai sun ba shi rubutu, ya sha duka biyun don kada wani ya ji haushi, ya kuma ci gaba da ramewa.

Babur ɗin ƙarami ne, keke ne dai da aka rataya wa inji. Na Boukari ne, Bamoshen da ke kai burodi kasuwar Kejetia, wanda motar katako ta take bara. Ƙarfen ya fi mai shi sa'a. Matarsa Azaratu ta turo shi a gyara, ya shekara lulluɓe da buhu.

"Me ya sa sai yau, Baba Alidu?"

"Ya matsa mini."

"Wa?"

"Mai shi. Kullum bayan azahar yana tsayawa can bakin kwata. Ba ya cewa komai."

Iddrisu na cikin waɗanda suka ɗauki makarar Boukari zuwa maƙabartar Tafo. Ya ƙudura ba zai waiwaya ba, ya waiwaya. Kwata ce, da akuya.

Alidu ya nuna masa faifan ƙarfe mai nauyi da makanikai ke kira fulawil. "Dubi bakin sandar, ya tsuke kamar mazurari. Ramin faifan ma haka. Ƙarfe ke kama ƙarfe, a bushe. Wannan ɗan guntun mai kama da rabin wata jagora ne kawai, ba shi ke riƙo ba." Ya dakata numfashinsa ya iso. "Ni mai keke ne, Iddrisu. Shekara talatin, duk abin da ke juyawa mai nake ba shi. Da Boukari ya kawo wannan, na ji kunyar cewa ban san inji ba. Na lafta wa sandar giris, na ɗaure. Kwana biyu faifan ya zame, ya yanke jagoran, injin ya mutu a tsakiyar titi. Sai daga baya wani makaniken reluwe ya faɗa mini yadda ake yi, yana dariya."

"Ajali ne."

"Ajali ne. Amma hannuna ne ya shafa man. In mun gama ka kai wa Azaratu, ka faɗa mata duka. Ba na son in tarar da shi can da maganar a bakina."

Iddrisu ya dasa rabin watan a gurbinsa, ya zura faifan. Faifan ya zauna da wata 'yar ƙara, kamar an rufe kwaɗo. Iddrisu ya naɗe shi da igiya don kada ya juya, ya kama noti da sifana.

"Ƙara," in ji Alidu.

Ya ƙara.

"Kai tela, ba maɓalli kake ɗinkawa ba. Ƙara."

Ya danna da duk nauyinsa har sifanar ta ƙi motsi. "Ya isa?"

Alidu na jingine da bango, idanunsa a kan titi, fuskarsa irin ta mai sana'ar da mai kaya ya zo ya tarar an gama. Ladan bai ma kira azahar ba.

Kafin magariba an kai gawar Alidu Tafo. Mutane suka yabi haƙurinsa da ƙwarewarsa, Iddrisu ya amsa na farkon.

Da sassafe ya tura babur ɗin ta lungu zuwa inda Azaratu ke sayar da koko. Ya so ya ajiye ya ce an gyara, ya juya. Amma mamaci ba ya karɓar uzuri, sai ya faɗa mata, har da giris ɗin.

Ta daɗe riƙe da ludayi. "Ni na ce ya ƙara akwati ɗaya ranar," ta ce. "Shekara guda ina cewa nauyin ne." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na yafe wa Baba Alidu. Allah ya yafe mana."

Ta zagayo ta dafa injin, sai ta ɗago kai.

"Malam Iddrisu, hawa ka yi?"

"Turo shi na yi. Ko ɗigon fetur babu a tankin."

Rana ba ta kai ga leƙo lungun ba. Azaratu ta bar tafinta a kan ƙarfen, kamar mai taɓa goshin mai zazzaɓi, injin kuwa yana ƙas, ƙas, a hankali, yana hucewa.