Sanarwar da Ta Sallami Baba

Aikin Auta a shagon kafinta na mahaifinta shi ne ta rubuta sanarwar manema labarai duk mako, ta tura wa shafukan da ke ɗaukar irin wannan, ko wani zai karanta ya latso shafinsu na intanet. Ɗakinta wani lungu ne a bayan shagon, inda garin katako ke shiga har cikin madannan kwamfuta. Ta rubuta cewa sun sayi sabon zarto. Ta rubuta cewa sun sauya fenti. Shagon da ke yin kujera iri ɗaya tun kafin a haife ta ba ya haifar da labari kowane mako, kuma ta gaji da tatsar abin da babu.

Yayanta, wanda ke riƙe da harkar ciniki, ya shigo da safe yana miƙa mata waya.

"Dubi layin da ke nuna yawan maziyarta shafinmu. Ya kwanta kamar majinyaci."

"To Yaya, in ce me? Mun share ƙasa?"

"Ki ce Baba zai ajiye aiki. Kujerun da ke hannunsa su ne na ƙarshe. Mutane ba sa son abu sai sun ji zai ƙare."

"Baba ya ce maka zai ajiye?"

"Ke ba ki ga yadda hannunsa ke rawa ba? Ai ba ƙarya ba ce, Malama mai tsoron Allah. Gaskiya ce da ta yi sammako."

Ta leƙa ta ƙofa. Tsohon yana sunkuye a kan teburin aiki, ƙusa biyu a bakinsa, yana shafa ƙafar kujera da tafin hannu. Wannan teburin ne kaɗai abin da ke fito da shi daga gida tun rasuwar mahaifiyarsu. Auta ta san haka sarai. Amma musu da Yaya aiki ne na yini guda, ita kuwa ba ta da ƙarfinsa. Ba mugunta ce ta sa ta rubuta ba, gajiya ce, kuma wannan bai rage komai daga laifin ba. Ta ma ƙawata shi. Ta sa wa Baba maganar da bai taɓa yi ba, wai lokaci ya yi da zai bar wa yara.

Layin ya miƙe. Waya ta yi ta ƙara, Yaya yana amsawa da murya biyu, ta tausayi da ta ciniki. Ya karɓi odar da ta fi ƙarfin shagon.

Ana cikin haka sai ga wani tsohon tela, abokin Baba, ya shigo yana dogara sanda.

"Kai kafinta, ashe haka ake yi? Ka ajiye aiki sai dai jikata ta karanta mini a waya?"

Baba ya cire ƙusa daga baki. "Wa ya ajiye?"

"Kai mana. Har da jawabinka. Ban san ka iya magana haka ba."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya kira Auta, ya ce ta karanta masa. Ta karanta a tsaye, har inda aka ce ya gode wa Allah ya huta. Tela ya ga abin ba na wasa ba ne, ya ce yana da ɗinki a gida, ya sulale.

"Da sunan wa aka fitar?" in ji Baba.

"Da nawa, Baba."

"Kin iya rubutu," ya ce, ya koma kan aikinsa.

Ya ƙarasa kujerun da ke gabansa cikin 'yan kwanaki. Da ya goge ta ƙarshe sai ya share teburin, ya rataye zarto da guduma, ya ajiye makullin shago kusa da wayar Yaya.

Yaya ya miƙe zumbur. "Baba, talla ce fa kawai! Mutane sun yi oda, wa zai yi musu?"

"Ka nemo kafinta."

"Baba, zan rubuta wata," in ji Auta. "In ce kuskure ne, in ba da haƙuri."

Ya dube ta, ba da fushi ba, ita kuwa da ma fushin ya yi.

"Sai duniya ta ce 'yata maƙaryaciya ce? A'a, Auta. Kin ce na ajiye, to na ajiye. Yanzu maganarki ta zama gaskiya."

Ya kakkaɓe rigarsa ya fita, yana tafiya a hankali a gefen titi, da rana tsaka, lokacin da bai saba komawa gida ba.