Littattafai Uku na Ƙasa

Bayanin al'amarin a taƙaice, yadda ya dace a shigar da shi fayil, shi ne kamar haka. A shekarun da Turawa ba su daɗe da kafa ayyukan gona a gundumar Dutse ba, wani ma'aikaci ya nemi littattafan ilmin ƙasar noma a ɗakin karatu na ofishin gunduma. An bi ƙa'idar nema daki-daki, an kuma sami littattafan a daidai inda aka rubuta cewa suna nan. Ba a sami kowa da laifin saɓa umarni ba.

Ma'aikacin nan shi ne Malam Falalu, malamin gona, sabon fitowa daga makaranta a Kano, wanda aka tura Buji da keke da farin wando. Baturen Gona ya gindaya masa sharaɗi guda: ya samo manomin da zai ba shi wurin gwaji kafin ruwan shuka, in kuwa bai samu ba, a mayar da shi ofis ya riƙa kwafe takardun wasu. Mutanen Buji sun karɓe shi hannu bibbiyu. Sun ba shi fura, sun ba shi tabarma, sun yi masa addu'a mai tsawo, amma babu wanda ya ba shi ko tafin hannu na gona.

Wata rana da hantsi ya tarar da dattawa a gindin ɗorawa, cikinsu har da Barau, wanda gonarsa ta yi shekaru tana ba shi gero kamar tana biyan tara.

"Baba, ƙasarka ce ta gaji," in ji Falalu. "Akwai littafin da ya faɗi dalili, ya kuma faɗi magani."

Barau ya dube shi daga hula har takalmi. "Littafin ƙasa? Shi mai littafin ya taɓa zuwa Buji?"

"Ba sai ya zo ba, Baba. Ilmi ne."

"To madalla da ilmi. Kawo mini shi in riƙe a hannuna, ɗan boko. In ka kawo kafin ruwa, na yanka maka gefen gonar ka yi wasanka. Jama'a, kun dai ji."

Jama'a suka ce sun ji, da irin muryar waɗanda aka yi wa alkawarin kallo kyauta.

Washegari Falalu ya hau keke sai Dutse. Ɗakin karatun ɗaki ɗaya ne, da kanta mai hawa uku. Wani Bature da ya bar aiki ne ya bar littattafansa a nan, malaman gari kuma suka ƙara da 'yan nasu na Larabci don kada a ce ilmi ɓangare guda ne. Mai kula da shi Malam Ɗan'inna, tsohon magatakarda, mutum ne mai tsananin son tsari. Baturen ya koya masa cewa kowane littafi yana da kati, kowane kati kuma yana zama ƙarƙashin fanninsa a cikin akwati. Ɗan'inna ya mayar da sunayen fannonin Hausa da hannunsa, kuma tun daga ranar bai yarda wani ya taɓa kanta kafin ya taɓa kati ba.

"Wane fanni, malamin gona?"

"Ƙasa, Malam."

Fuskar Ɗan'inna ta washe. "Ka zo gida. Duk akwatin nan babu fannin da ya kai shi albarka."

Gaskiya ya faɗa, domin katunan Ƙasa sun cinye rabin akwatin. Falalu ya zaro na farko, aka sauko masa da littafin labarin ƙasa, mai taswirar tekuna. Na biyu na dokokin ƙasa ne, na uku na kuɗin ƙasa, wato haraji. Na huɗu jadawalin jirgin ƙasa ne.

"Malam, wannan ai na jirgi ne."

"Wane jirgi?"

Falalu ya ajiye katin, domin ya ga inda amsar za ta kai shi. Kati na gaba ya fito da littafi cike da hotunan macizai.

"Igiyar ƙasa," in ji Ɗan'inna a hankali, don shi ba ya kiran sunan abin a cikin ɗaki.

Bayansa aka miƙo wasu warƙoƙi na Larabci a cikin gafaka, duk ɗige-ɗige da layuka. Falalu ɗan gidan malamai ne, kallo ɗaya ya yi musu ya janye hannu.

"A'uzu billahi! Malam, bugun ƙasa?"

"Ni ban ce ka yi aiki da shi ba. Fanni ka tambaya."

"Ƙasar da ake shuka a cikinta nake nufi, Malam. Jigawa, da fadama, da laka. Wadda gero yake fita daga cikinta."

"To ai da ka faɗa tun farko. Duba can baya."

A can bayan akwatin kuwa ga katuna uku, sunayensu da Turanci, daidai abin da Falalu ya yi ta ji a makaranta. Zuciyarsa ta yi sanyi. Sai dai a wurin da ake rubuta hawan kanta, ba a sa na ɗaya ko na biyu ko na uku ba. An rubuta da kyakkyawan hannu: na ƙasa ne, in ji Bature.

"Ranar da zai tafi," in ji Ɗan'inna da alfahari, "ya ware ukun nan, ya ɗora sandarsa a kansu, ya ce mini da Hausarsa, waɗannan na ƙasa ne. Ni kuwa ba na musu da na gaba. Sauran duk suna sama, su kaɗai na sauke ƙasa. Har tabarma na naɗe su da ita, saboda darajar ilmi."

Suka ja kantar gefe. Ga naɗin tabarma a lungu, jingine da bango, ya sha damina a kan damina. Da Falalu ya ɗaga shi, sai tabarmar ta rabu biyu a hannunsa. Bangon littattafan yana nan da rubutunsa na ruwan zinariya, don gara ba ta ga abin ci a jikinsa ba. Tsakanin bango da bango kuwa babu sauran takarda, sai jar ƙasa mai laushi, da 'yan hanyoyi da ɗakuna, aikin magina masu haƙuri.

Ɗan'inna ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi katin, ya sake duban lungun.

"Kati dai bai yi ƙarya ba," ya ce.

Falalu ya zauna a kan akwatin katuna, abin da ba a taɓa yi ba, kuma ba a hana shi ba. A nan ya ba Ɗan'inna labarin Barau da alkawarinsa. Ta taga yana hango duwatsun gari, gajimare ya soma taruwa a bayansu.

"Malam Falalu," in ji Ɗan'inna da tausayi, "dattijon nan yana karanta boko?"

"Ba ya yi."

"To ɗauki mai taswira. Ya fi su girma, ga launi. Shi ma na ƙasa ne, kati shaida."

Falalu ya ɗauki mai taswirar ya auna nauyinsa, kuma dole a rubuta cewa ya daɗe yana aunawa. Sai ya hango kansa a gindin ɗorawa, Barau yana cewa karanta mana abin da ya ce game da gero, shi kuma yana bin teku da yatsa yana ƙirƙiro taki, yau da gobe har kaka. Ya mayar da littafin kan kanta.

"A ba ni buhu, Malam."

An ba shi buhu, bayan ya sa hannu cewa ya ari littattafai uku kuma zai mayar da su yadda ya karɓe su.

A Buji bai tarar da dattawa kaɗai ba, labari ya riga kekensa isowa. Ya durƙusa gaban Barau, ya jera bangaye uku, ya zazzage buhun a kan tabarma, ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba. Kafin ya kai kan sandar Bature, wani tsoho ya riga ya kwanta da dariya yana neman a riƙe masa carbi.

Barau bai yi dariya ba tukuna. Ya damƙi ƙasar, ya murza, ya kai hanci.

"Kubura!" ya kira matarsa, wadda ta kawo ruwa ta ƙi komawa. "Zo ki ga ilmin Turawa."

Kubura ta leƙa. "Wannan ai an riga an karance shi, Malam. Ba su bar wa yaron ko baƙi ɗaya ba."

"Na ce ka kawo in riƙe a hannuna," in ji Barau, "ga shi kuwa na riƙe. Da wani ne, da ya kawo mini mai hotuna ya yi ta zuba." Ya karkaɗe hannunsa. "Ka ɗauko kunya tun daga Dutse a bayan keke, ba ka yar da ita a hanya ba. To ga wata a gona. Kunya bakwai daga bakin kuka, naka ne. Mu ga abin da ya rage a kanka, tunda na littafi ya ƙare."

Bayan kwana biyu, da asuba, aka yi ruwan shuka.

Abin da al'amarin ya ci shi ne: littattafai uku, tabarma ɗaya, buhu ɗaya da ba a mayar ba, da farin wando wanda bai sake zama fari ba. Sai kuma sunan Falalu, domin har ya yi ritaya a Buji Malam Gara ake ce masa, yana kuma amsawa.