Ƙarfe Goma a Ɗakin Bincike

Tun rasuwar matarsa, wani mai gyaran agogo ya daina jin daɗin komai. Shayi ya zama ruwan zafi kawai. Ko mataccen agogo ya tashi a hannunsa, ajiye shi yake yi kamar dutse.

Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta sa shi a wani bincike. Kwana talatin, kullum ƙarfe goma, za a ɗora masa na'urar maganaɗisu a ka, ko ta farkar da wurin jin daɗi a ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba tiyata. Rabin mutanen ta gaske za a sa musu, rabi kuma ta bogi mai ƙara kawai, ba mai sanin tasa sai an gama. Ya sa hannu, ko saurara bai yi ba.

Nas ɗin ɗakin kuwa bakinta ba ya hutawa. Ta auna kansa da tef, ta ce, "Baba, sanƙon nan naka ya sauƙaƙa min aiki." Na'ura na ƙwas-ƙwas, ita tana tambaya: ya ya kwana, me ya ci, me ya sa agogon bangon ɗakin yake latti? Daga nan ta ba shi wasan kwamfuta na cin taurari.

"Daɗin nawa ne, daga ɗaya zuwa goma?"

"Ɗaya, 'yata."

Rana ta sha tara ya zo da sukudireba a aljihu, ya sauke agogon ya gyara. Ta tafa masa, shi ma sai ga dariya ta kuɓuce. Ya manta rabonsa da dariya. Ranar nan da ta tambaye shi daɗin nawa ne, bakwai ya ce.

Da aka kammala binciken, likita ta kira shi ta buɗe ambulan.

"Baba, mai ƙara kawai aka sa maka. Amma yanzu za mu ba ka ta gasken."

Ya daɗe yana kallon takalmansa.

"Nas ɗin nan ce za ta sa min?"

"An mayar da ita wani asibitin. Sabuwar na'urar ma ba sai an tsaya a kanta ba, zama kawai za ka yi."

Ya ce zai yi tunani. Da ya fito ya leƙa ɗakin. Ba kowa, agogon na tafiya daidai, goma saura biyar. Kaɗaici ya danne shi. Ya zauna a bencin ƙofa ya cire hularsa, alhali ya san ba mai kiransa.