Jan Biron Malamin Aljabara

Anti ba ta taɓa zaton za ta sake zama a benci tana kallon allo ba. Shekarunta sun ba arba'in baya, babban ɗanta har yana shirin gama sakandare, kuma ta daɗe tana aiki a wani shagon buga takardu, ita ce mai karɓar aiki a teburin gaba. Mai shagon ne ya ce mata in tana son riƙon sabon reshe, sai ta kawo takardar difloma. Haka ta shiga kwalejin da ke bayan tashar mota, ajin yamma, inda yara sa'o'in ɗanta suka laƙaba mata Anti tun ranar farko.

Sauran darussa ba su ba ta wahala ba. Aljabara, lissafin nan da ake haɗawa da haruffa, ita ce ta tsaya mata a wuya, ga shi dole ce ga duk ɗalibin shekarar farko.

Malamin dattijo ne siriri mai tabarau mai kauri. Ranar da ya fara shigowa bai tambayi sunan kowa ba. Ya tsaya gaban allo, ya kafa ido a bangon baya, ya jero sharuɗɗansa. Aikin gida kowane mako, a rubuta da hannu. Ba ya son ganin na'urar lissafi a ajinsa. Amsa ita kaɗai ba ta ba mutum maki, sai ya nuna hanyar da ya bi ya kai gare ta, layi bayan layi. Kuma aikin gidan nan shi ne rabin makin zango. Da ya gama, ya juya ya rubuta harafin ekis mai girman faranti a allo.

Anti ta ɗauki abin da gaske. In babu mai kawo aiki a shago, sai ta jawo ragowar takardun da aka yanke ta hau lissafi a bayansu. A gida kuma ɗanta ya sa ta a gaba da tsokana.

"Umma, kullum kina neman ekis. Ko cigiya za mu bayar a rediyo?"

"Tashi ka ba ni wuri, ja'iri."

Da aka fara dawo da aikin gida, sai ta ga takardarta ta sha jan biro kamar an yanka kaza a kanta. Ta haƙura. Mako na gaba ma haka. Sai rannan ta leƙa takardar wata yarinya mai zama a bencin gaba, wadda ake kira Gimbiya saboda son kwalliya. Gimbiya da biro mai kauri take rubutu, manyan baƙaƙe kamar na ɗan firamare. A tambaya ta farko amsarsu ɗaya, hanyarsu ɗaya. An ba Gimbiya cikakken maki, ita kuwa an zagaye nata da ja.

Ta nuna wa Dogo, shugaban aji. Ya duba wannan, ya duba waccan, ya taɓe baki.

"Anti, ruwa ba ya tsami banza. Ba ki lura ita kaɗai yake sa wa ta karanta tambaya daga littafi ba? Ita ce kuma mai kai masa takardu ofis."

Daga ranar Anti ta sa ido, kuma duk abin da ta gani sai ya ƙara mata zargi. In ɗalibi ya ɗaga hannu a bencin baya, Malam ba ya ko kallonsa. In sun haɗu a baranda ta rusuna masa, sai ya wuce kamar ya ga bango, amma Gimbiya na buɗe baki da gaisuwarta mai ƙarfi zai tsaya ya amsa har da murmushi. Wani lokaci yana kwafo lissafi daga layin sama zuwa na ƙasa, sai alamar ragewa ta koma ta tarawa, in an yi magana ya ce, "Gwada ku nake yi." Anti ta fara tunanin ko ma bai san abin da yake koyarwa ba.

Maigidanta ya ce, "Ki bi a hankali dai. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

"To ai gaskiyar nake son in gani," in ji ta.

Sai ta ɗana tarko. A tsakiyar aikin makon nan, inda ya kamata ta buɗe bakan lissafi ta ninka abin da ke ciki, ta rubuta da ƙananan baƙaƙenta: a sayo sabulu da ashana. Ta ci gaba da lissafi a ƙasa kamar ba komai. Takardar ta dawo da alamar daidai a gefen sabulu da ashana.

Ita da Dogo suka kai wa shugaban sashe. Ya karanta, ya ɗago ya dube su ta saman tabarau, ya tambaya ko sun tabbata ba bayan an dawo da takardar aka ƙara layin ba. Ya ce ya san halin ɗalibai in sun hango faɗuwa. Duk da haka ya jefa takardar a aljihun tebur, ya ce zai bincika.

Ana cikin jiran binciken ne Anti ta kai mahaifiyarta asibitin ido, don yanar ido ta fara rufe wa tsohuwar ido ɗaya. Ta zaunar da Inna a benci, ta je karɓo kati, tana juyowa ta ga Malam a ƙarshen layi. Babu tabarau a fuskarsa, an ɗiga masa magani yana ta ƙifta ido, wata mata mai lulluɓi tana riƙe da katinsa a gefe. Anti ta tsaya daf da shi, bai san da mutum ba. Ta yi kamar ta wuce, sai kuma ta gaishe shi.

Ya karkato kunne. "Wannan muryar ta bencin baya ce. Ke ce babbar nan."

"Ni ce, Malam. Ya jiki?"

"Shugaban sashe ne ya turo ki?"

"A'a, Malam. Mahaifiyata na kawo."

"Ikon Allah. Duk asibitocin garin nan, sai wannan, sai yau."

Matar ta ƙare wa Anti kallo daga kai har takalmi. "Ita ce mai sabulun?" ta tambayi mijinta.

Malam ya juyo wajen Anti ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, yanar ido ce a idanunsa biyu, kuma an ba shi ranar aikin ido bayan jarrabawa. Da gilashin ƙara girman rubutu yake duba aikinsu, manyan baƙaƙe yana iya bi, ƙanana kuwa sai dai ya yi kirdado. Aikin kwalejin na wucin gadi ne, in aka sani kafin zango ya ƙare, wani za a ɗauka.

"Ban roƙe ki komai ba," ya ce. "Ki faɗa musu abin da kika ga dama."

Anti ta koma wurin Inna ta zauna. Tausayinsa ya kama ta, amma haushin bai tafi ba, don makin da ta rasa nata ne, ba kyauta ta nema ba. Har ta riƙa tambayar kanta ko ya faɗa mata ne don ya ɗaure mata baki.

Ba ta gaya wa kowa ba, ko maigidanta. Da Dogo ya ce su koma wurin shugaban sashe da sa hannun 'yan aji, ta ce ita ta janye. Ya dube ta a karkace.

"Anti, ko an gan ki ne ta bayan fage?"

"Ka iya bakinka, ɗan nan. Na haifi kamarka."

Mako na gaba Malam ya shigo da sabon tsari. Ya ce daga yau kowa zai zo ofis ya karanta masa aikinsa da baki, ƙofa a buɗe, ya ba shi maki nan take. Aji ya ɗauki guna-guni, wasu suka ce wata dabarar ce ta kare kai.

Ranar da layi ya zo kanta, ta zauna ta fara karantawa. Ya rufe ido yana saurare. Ba ta yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Maimaita. Akwai alamar ragewa a gaban bakan?"

"Akwai."

"To me ya sa na farko kaɗai kika juya wa alama? Duk abin da ke cikin bakan take shafa."

Ta duba, haka ne. Da ta koma gida ta fito da tsofaffin takardunta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu zagayen jan biron kuskurensa ne, babu shakka. Amma da yawa nata ne, kuskure ɗaya tana ta maimaitawa tun farkon zango, sai dai in amsa ta zo daidai bisa sa'a. Washegari ta kai masa waɗanda ya cuce ta a kai, ta karanta masa, ya gyara makin, bai ba ta haƙuri ba. Ita ma ba ta yi godiya ba.

Ta ci jarrabawa da maki matsakaici. Gimbiya ta fi kowa, a takardar da wani malami daban ya duba, amma hakan bai hana Dogo cewa akwai lauje cikin naɗi ba.

Da aka dawo hutu, Malam bai dawo ba. Wasu suka ce korarsa aka yi saboda ƙarar da aka kai, wasu suka ce shi ya ajiye da kansa. Shugaban sashe bai yi wa kowa bayani ba. 'Yan aji kuwa suka rabu biyu a kan Anti, masu cewa ita ta ci amanar dattijo da masu cewa ta sayar da su don maki.

Bayan wasu watanni ta haɗu da matarsa a kantin magani, tana sayen maganin ɗigawa. Anti ta gaishe ta, ta tambayi jikin Malam. Matar ta ce an yi aikin, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ana jira. Ta ƙara da cewa wani ne dai ya kai wa kwalejin labarin asibiti tun kafin jarrabawa.

"Shi ya ce ba ke ba ce," in ji ta, tana ɗaure bakin leda.

"Ba ni ba ce."

"To, Allah ya sani."

Ta fita ba sallama. Anti ta karɓi maganin Inna, ta tsaya bakin titi jiran mota, tana bin 'yan ajinsu ɗaya-ɗaya a ranta, tana tunanin wa ke da ɗan'uwa a asibitin nan.