Tsayawa a Kaboji

Shekara shida da ɗaukewar al'adar Magdalena, sai wata safiya cikin damina ta ga jini a zanenta. Ta wanke zanen ta shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani, ta ɗauki kwandon daddawarta ta tafi kasuwa kamar kullum. Bayan kwana tara ya sake dawowa. Daga nan ta daina lura da kwanakin.

Magdalena 'yar Kambarin Auna ce, aure ya kawo ta Kontagora tun tana da ƙuruciya. Mijinta Irmiya ya rasu, 'ya'yanta maza suna can Abuja da Minna, sai Rhoda kaɗai, malamar firamare, da ke aure a nan cikin gari. Ba ta gaya wa ko ɗayansu ba. Ta san wannan jinin. Shi ya ci mahaifiyarta a Auna, a hankali, cikin shekara biyu, kuma ita ta yi jinyar har ranar da aka rufe tsohuwar. Shi ne kuma ya raba ta da aminiyarta Salihatu.

Shekara goma sha tara rumfarsu na jikin juna a kasuwa. Salihatu na auna shinkafa da wake, ita tana sayar da daddawa da kuka. In kasuwa ta yi sanyi da rana, Salihatu kan zaunar da ita a kan buhu ta yi mata kitso, tana tsokanarta cewa shekara talatin a Kontagora amma har yanzu Hausarta na warin Auna. Babu abin da ɗaya ke ɓoye wa ɗaya. Ranar da Irmiya ya rasu, Salihatu ce ta fara isowa, ta kwana bakwai a gidan, tana sallarta a gefen ɗaki yayin da matan coci ke waƙoƙinsu a tsakar gida.

Da Salihatu ta kwanta da irin wannan ciwo, shekara takwas da suka wuce, Magdalena ta dafa kunun gyaɗa ta nufi gidanta. Tana shiga zaure sai warin maganin wanke ciwo ya doke ta, irin warin ɗakin mahaifiyarta sak. Ƙafarta ta ƙi gaba. Ta ajiye kunun ta juya, ta ce wa kanta gobe za ta dawo. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako, kuma kowace rana kunyar zuwan na ƙara nauyi fiye da ta jiya. Ta ji an kai Salihatu an yi mata aiki, ta ji ta warke. Salihatu ba ta koma kasuwa ba. Bayan shekara biyu mijin Salihatu ya rasu, ɗanta ya ɗauke ta zuwa Kaboji inda yake noma. Rumfar yanzu wani mai sayar da robobi ne a ciki, amma har yau in wani abin dariya ya faru a layin, Magdalena kan juya hagu da bakinta a buɗe, sai ta ga tulin bokitai.

Rhoda ce ta gano. Ta zo ranar Asabar taya uwarta wanki, ta ga abin da ta gani, kuma ba ta yi wata doguwar magana ba. Ranar Litinin ta ɗauki izini daga makaranta ta kai ta asibiti. Likita ya yi mata hoton ciki, ya ce bangon mahaifar ya yi kauri fiye da yadda ya kamata ga mai shekarunta, sai an ɗebi ɗan nama kaɗan daga ciki an aika gwaji kafin a san ko mene ne. Magdalena ta ce ta ji, za ta yi shawara. A ranta kuwa ta riga ta gama shawara. Ta sha jin mata na cewa irin wannan ciwo da ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata ya bazu ko'ina. Gara ta zauna da abinta.

Wata nas mai ɗan shekaru ta biyo su har bakin baranda. Ta ce ba za ta matsa mata ba, amma akwai wasu mata da ke haɗuwa duk Alhamis bayan la'asar a gidan Fure mai ƙuli-ƙuli a Tudun Wada, dukkansu sun bi ta wannan ɗakin da ta fito. Ta je ta zauna kawai, ba sai ta ce komai ba.

Sai da Alhamis biyu suka wuce sannan ta je, ita kaɗai, da ƙullin daddawa a hannu don in an tambaye ta ta ce saƙo ta kawo. Ba wanda ya tambaye ta. Mata bakwai ne a ƙarƙashin rumfar kwano, wasu da hijabi wasu da ɗankwali, suna ɓarar gyaɗa a babban faranti. Fure, wata doguwar mace mai wushirya, ta tura mata kujera da ƙafa ta miƙo mata gyaɗa. Hirar ma ba ta ciwo ba ce da farko. Ana maganar ruwan da ya cinye gonar wata a Bobi, da surukar wata mai son gishiri. Can sai wata ƙaramarsu ta ce gobe ne za ta karɓi sakamakonta, kuma tun safe ko ruwa ya ƙi wuce mata. Nan take biyu suka ce za su raka ta.

Magdalena ta ji bakinta ya buɗe ba da niyyarta ba. Ta faɗi maganar ƙarfe. Ba wadda ta yi mata dariya. Wata Naomi, da gashinta ya zube lokacin magani ya sake tsirowa fari fat, ta ce ita ma wata takwas ta ɓata a kan wannan maganar, tana shan saiwoyi, kuma wata takwas ɗin ne suka sa nata ya yi wuyar magani. Ta ce masu mutuwa bayan aiki yawanci sun je ne bayan ciwon ya riga ya gama yawonsa, sai mutane su ɗora wa wuƙar likita.

Fure ta kama hannunta ta shigar da ita ɗaki, ta sauke labule, ta sassauta zani ta nuna mata tabon da ke ƙasan cibiyarta.

"Shekara bakwai ke nan, Mama," in ji ta. "Ba zan ce miki kowa ya tsira ba. Mun binne uku daga cikinmu. Amma gwajin nan zafinsa kamar murɗawar cikin al'ada ne, kafin ki ce wayyo an gama. In kina son mace ta yi miki, sai mu roƙa. Ni zan riƙe miki hannu."

Da suka fito, Magdalena ta tambayi wanda ya haɗa su haka, ko asibiti ne. Fure ta ce a'a, wata baiwar Allah ce, Inna Salihatu mai shinkafa, wadda ta koma Kaboji. Bayan ta warke ta riƙa zuwa asibiti tana zama a benci, in ta ga mace ta fito daga ɗakin likita da irin wannan fuskar sai ta matsa kusa da ita. Inna Salihatun ta sha gaya musu cewa lokacin da take kwance, ba zafin ciwon ne ya fi damunta ba, wata huɗu ta yi tana kallon ƙofa, tana son wata ta shigo ta zauna su yi hira irin ta da.

Magdalena ta sunkuya ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, har ta ɓare wadda aka riga aka ɓare, 'ya'yan na farfashewa a yatsunta.

Ranar gwajin, suna zaune a benci suna jiran kira, ta gaya wa Fure komai. Fure ta saurara har ƙarshe. Ba ta ce ba komai ba ne, ba ta kuma yi mata faɗa ba. Ta karɓi wayar Magdalena ta sa mata lambar Salihatu, ta ce ga ta nan, duk ranar da ta ga za ta iya. Aka kira sunanta. Wata likita mace ce ta yi aikin, kuma kamar yadda Fure ta faɗa ne, sai dai Magdalena ta matse mata hannu har shatin farce ya fito.

Mako uku ana jira. Ta je kowace Alhamis. Sau da yawa takan buɗe wayar ta tsura wa sunan ido, ta shirya abin da za ta faɗa da Hausa, ta sake shirya shi da Kambarci ko zai fi sauƙi, sai ta mayar da wayar cikin lalita. Ba gafara kaɗai take so ba. So take ta ba Salihatu labarin auren Rhoda da Salihatun ba ta halarta ba, da yadda nas ɗin nan ke tafiya kamar agwagwa, da duk ƙananan abubuwan shekara takwas da suka taru mata a ƙirji ba mai karɓa.

Sakamako ya fito: sankarar mahaifa ce, amma likita ya ce da alama ba ta fita daga mahaifar ba. Aka rubuta mata takarda zuwa babban asibitin Ilori don a cire mahaifar gaba ɗaya. Ta yi kuka a gidan Fure, ba a gaban 'ya'yanta ba. Ta ce gidan da ya ɗauki 'ya'yanta huɗu ne za a jefar. Naomi ta ce ita ma ta yi wannan kukan, kuma kukan halal ne, ta yi shi ta gama. Sannan suka shiga lissafa mata abin da za ta ɗauka: zannuwa masu laushi, silifas, da ƙaramin matashin kai da za ta danne ɗinki da shi a mota saboda ramukan hanya.

Hanyar Ilori ta Kaboji take bi. Da safe suka wuce garin, ita da Rhoda, a motar haya da ɗanta na Abuja ya ɗaukar musu. Ta manna fuska a gilashi tana duban kowace mace da ke bakin titi, masu tallan masara da masu ɗauke da itace. Ba ta ce a tsaya ba.

Aikin ya yi kyau. Likitocin suka ce sun cire komai, sai dai ta riƙa zuwa ana duba ta duk bayan wata uku. Kullum da hantsi Fure kan kira, wani lokaci ta miƙa wa sauran su gaisa ɗaya bayan ɗaya. Ana gobe za a sallame ta, Fure ta ce tana da saƙo.

"Na gaya wa Inna Salihatu kina Ilori. Ki yafe mini, ban nemi izininki ba. Ta ce a tambaye ki ko motarku za ta iya tsayawa."

Da azahar suka iso Kaboji. Direba ya ce ba zai wuce minti goma sha biyar ba, yana so ya shiga Kontagora da rana. Ya tsaya a gindin wata ɗorawa kusa da masu sayar da doya. Wata tsohuwa siririya ta taso daga kan benci tana dogara sanda, kuma sai da ta zo dab da motar sannan Magdalena ta gane ta. Ta yi yunƙurin fitowa, ɗinkin ya kama ta.

"Zauna abinki," in ji Salihatu. "Ni zan shigo."

Rhoda ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta wurinta. Salihatu ta zauna, ta daɗe tana duban fuskar Magdalena. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, idonta na hagu ya yi yana. Magdalena ta fara magana, ta ce, "Salihatu, ni fa tun wancan lokacin..." sai Salihatu ta katse ta.

"Ba yau ba. Wannan maganar doguwa ce, kuma na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Za mu yi ta a zaune. Yau gaya mini abin da likita ya ce."

Ta gaya mata. Salihatu ta yi hamdala, ta ɗaga gefen rigarta ta duba yadda aka rufe ciwon, ta ce kada ta kuskura ta ɗauki ko tulun ruwa sai bayan wata uku, kuma ta riƙa ɗan takawa a tsakar gida ko da ba ta so. Ta tambayi 'ya'yan Rhoda nawa. Ta tambayi wasu 'yan layinsu na kasuwa, biyu daga ciki sun rasu ba ta sani ba. Suna cikin haka sai direba ya tayar da mota.

Salihatu ta sauka da ƙyar. Ta leƙo ta taga ta ce in an gama girbin waken suya ɗanta zai shiga Kontagora sayar da amfani, za ta biyo shi, in Allah ya kai rai. Magdalena ta tambaye ta saura wata nawa. Ta ce biyu, ko uku in ruwa ya ja.

Motar ta hau titi. Magdalena ta so ta waiwaya amma jikin bai ba ta dama ba, sai ta ce wa Rhoda ta duba mata ko tana nan tsaye. Rhoda ta juya ta ce tana nan. Bayan ɗan lokaci ta sake cewa a duba. Rhoda ta ce wata babbar mota ta shiga tsakani, ba ta iya hango komai.